Rana Ɗaya a Gindin Lemo a Kachalla Sembe, Jalingo

Matafiyin da ya taso daga Gombe, ya ƙetare gadar Numan ya miƙa kudu, duwatsu ne za su fara yi masa maraba kafin ya shiga Jalingo. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa garin a 1893, kuma tun 1991 da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, shi ne hedkwatarta. A mazaɓar Kachalla Sembe na sauka, gidan wani dattijo mai itatuwan lemo a bayan gida, waɗanda da kuɗinsu yake biyan makarantar jikokinsa.

Na tarar da shi yana wasa gatari. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, ina fa lafiya? Tsatsa ta kama lemon, gara in sare in huta." Da muka duba, sai ga ganye ya yi baƙi ƙirin, yana danƙo kamar dawar da darɓa ta kama, tururuwa kuwa sai hawa da sauka suke yi. Na kankare wani ɗan ƙullutu da farce daga bayan ganye, sai ga ruwa ya fito. Ashe ba tsatsa ba ce, ƙwaro ne mai sulke.

Shi wannan ƙwaro yakan kafa baki ya tsotse ruwan itace, ya rufe kansa da ɓawo ya zauna wuri guda. Wani irinsa yana fitar da ruwa mai zaƙi wanda baƙin ƙura-ƙura ke tsirowa a kai, ya tare wa ganye hasken rana. Tururuwa saboda zaƙin nan suke gadinsa, suna korar ƙwarin da ke cinsa.

To, jama'a, maganin ba gatari ba ne. Da farko a sassabe rassan da suka lalace a ƙone, iska ta ratsa itacen. Sannan a zuba sabulun ruwa cokali 3 cikin ruwa lita 4, a ƙara ɗan man darbejiya, a gwada a reshe ɗaya tukuna. In ganye bai ƙone ba, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan kwana 10, domin 'ya'yan da ba su yi sulke ba su ne ke saurin mutuwa. A kuma ɗaura ƙyalle mai danƙo a gindi don tare tururuwa.

Kada a yi gaggawar fesa guba mai ƙarfi, gama tana kashe har masu taimakon manomi. A Kalifoniya ta Amurka wani irin wannan ƙwaro ya kusa gamawa da gonakin lemo, sai da aka kawo wani ɗan jan ƙwaro mai cinsa daga Ostiraliya a 1888, cikin shekara biyu aka shawo kansa. Wanda abin ya fi ƙarfinsa kuwa, ga malaman gona, ga Kwalejin Aikin Gona nan cikin Jalingo.

Da na yi sallama bayan la'asar, Baba ya rataye gatarinsa, ya aiki jikansa sayen sabulu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.