Iska Kyauta Ce, Tanga Kuwa Sai Da Kuɗi: Abin Da Muka Gani A Tsibirin Lamu

Yawancinmu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na kogin Isa, da tafkin Cadi, da gulaben da ke cika da damina su ƙafe da rani. Jirgin da idonmu ya saba da shi kwalekwale ne, wanda ake turawa da gora, ko a ɗaura masa inji. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani jirgi da iska ke tafiyar da shi, da labarin mai jirgin, da lissafin da muka tarar yana fama da shi.

A watan Nuwamba na shekarar 2022 Allah Ya kai mu Lamu, wani tsibiri da ke gaɓar tekun Indiya, a arewacin gaɓar ƙasar Kenya, fiye da kilomita 300 daga Mombasa, ba nisa da iyakar Somaliya. Jirgin sama ba ya sauka a Lamu kanta. A tsibirin Manda yake sauka, daga nan a ƙetara da baƙo ta ruwa. Tun daga tsakiyar ruwan muka hango fararen gidaje na dutsen murjani, da masallatai, da jakuna jere a bakin gaɓa. Lungunan garin ƙanana ne ƙwarai, mota ba ta shigarsu, don haka jaki ne ke ɗaukar yashi da buhu da mutum. Garin ya haura shekara 700 ana zaune cikinsa, kuma a shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A nan ne masallacin Riyadha yake, wanda Habib Swaleh, wani malami da ya zo daga tsibiran Komoro, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a harabarsa ake babban taron Mauludi da ke tara jama'a daga ƙasashe da dama.

Harshen mutanen garin Sawahili ne, amma kunnenmu bai daɗe ba ya fara tsintar kalmomin da muka yi tarayya da su ta hanyar Larabci: su ce habari, mu ce labari, su ce sabuni, mu ce sabulu, duniya da sa'a kuwa kusan baki ɗaya muke faɗa. Wani saurayi da ya yi karatun Larabci a garin shi ya zama tafintanmu, kuma shi ya haɗa mu da wani dattijo mai jirgi, domin ya kai mu kufan Takwa, wani tsohon gari a tsibirin Manda da mutanensa suka watse tun ƙarni na 17. Shugaban jirgi a wurinsu nahoda ake ce masa, mu ma haka muka riƙa kiran dattijon.

Jirginsa na katako ne, irin wanda suke kira mashuwa. A tsakiyarsa akwai wani itace tsaye kamar dirka, ya ɗan rusuna gaba. A kan wannan itace ake rataya wata doguwar sanda a karkace, wadda aka haɗa da itace biyu ko uku aka ɗaure da igiya, tsawonta ya yi kusa da na jirgin kansa. A jikin sandar ake ɗaura wani babban ƙyalle mai kusurwa uku, wanda iska ke bugawa ta tura jirgin. Larabawa na ce masa shira'i, Sawahilawa kuma tanga. Ƙaramin jirgi irin wannan tanga ɗaya gare shi. In ta lalace, jirgi ya zama akushi a kan ruwa.

Mun baro gaɓa da hantsi, iska na kaɗawa a hankali. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne shiru: babu rurin inji, babu warin mai, sai ƙarar ruwa a jikin katako da kukan igiya. Can sai yaron jirgi ya ɗebi ruwan teku a wani gwangwani ya riƙa watsa wa tangar. Muka tambaya, aka ce mana in zaren auduga ya jiƙe yakan kumbura, saƙar ta matse, iska ta rage zurarewa. Da muka ɗaga kai muka dubi tangar da kyau, sai muka ga faci a kan faci, wani fari, wani ya yi launin ƙasa, har da guda da aka yanko daga buhun shinkafa.

Ba mu kai rabin hanya ba wata iska ta taso ta gefe. Muka ji wani sauti kamar an keta sabon yadi a kasuwa. Ɗinki ɗaya ya buɗe daga sama, tsawon kamu huɗu ko biyar. Mu dai cikinmu ya ɗuri ruwa, amma nahoda ko gezau. Ya sa aka sauke sandar, ya ciro wata ƙatuwar allura da zare mai kauri daga ƙarƙashin mazauninsa, ya zauna ɗinki, jirgi na lilo da mu a gefen itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A wannan zama na kusan sa'a guda muka ji abin da ya kawo wannan rubutu.

Ɗayanmu ya ce masa, “Baba nahoda, ai wannan tanga ta gaji. Nawa ne sabuwa?” Dattijon ya yi murmushi, bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Ya ce, “Baƙina, ni ba da shilin nake ƙirga ta ba. Da fita teku nake ƙirga ta. Sabuwar tanga fita arba'in ce, in Allah Ya sa kowace fita an dawo da wani abu.”

Da muka nemi ƙarin bayani sai ya warware mana. A al'adar masuntan wannan gaɓa, in an dawo daga teku aka sayar da kifi, ko aka karɓi kuɗin fasinja, ba a raba wa mutane kawai. Jirgi ma yana da rabonsa, kamar shi ma ma'aikaci ne. Daga wannan rabo ake sayen igiya, da ƙusa, da audugar toshe kafofin katako, da man da ake shafa wa jikin jirgi, da tanga in lokacinta ya yi. Abin da yake nufi shi ne, sai an tara rabon jirgi na fita arba'in, ba a taɓa ko sisi ba, kafin a kai kuɗin tanga guda.

Sa'an nan ya lissafa mana abin da ke cikin kuɗin. Na farko yadi, kuma shi ne ya fi rabi. Tangar jirginsa faɗinta ta ƙasa wajen mita 7 ne, tsayinta wajen mita 9. Da yake kusurwa uku ce, in an ninka 7 sau 9 aka raba biyu, an sami mita murabba'i 31 da ɗoriya. In aka haɗa da abin da ɗinki ke ci, da ninkin da ake yi wa kusurwoyi don ƙarfi, da abin da almakashi ke zubarwa, sai an sayi wajen mita 40. Iyayenmu mata su auna da abin da suka sani: ya zarce turmin atamfa bakwai, kuma yadi ne mai kauri irin na tanti. Ba a saƙa shi a tsibirin, daga Mombasa ake kawo shi, don haka akwai kuɗin mota da na jirgi a kansa.

Na biyu igiya, wadda ake ɗinkewa a kewayen tangar baki ɗaya domin ita za ta ɗauki jan iska, ba yadin ba. Na uku ladan gwani, wanda suke kira fundi. Shi zai shimfiɗa yadin a fili, ya kafa turaku, ya ja zare ya fitar da siffa, ya yanka shi ƙyalle-ƙyalle a tsaye, ya bar wa tangar ɗan ciki inda iska za ta zauna. In ciki ya yi yawa jirgi ba ya iya tunkarar iska, in ya yi kaɗan jirgi ba shi da ƙarfi. Na huɗu abincin masu taya ɗinki. Na biyar, wanda ba a rubuta shi a takarda, kwanakin da jirgi zai yi a daure bai fita ba, gida kuwa ba ya daina cin abinci.

Muka ce to shekara nawa take yi? Ya ce tasa ta shiga shekara ta uku, alhali tun a ta biyu ya kamata ta huta. Rana na cin ta, gishiri na cin ta, in kuma aka naɗe ta da danshi sai ta yi baƙin tabo ta ruɓe. Ya ce kakanninsa da tabarmar kaba suke yin tanga, a wani jirgi da ake kira mtepe, wanda ake ɗinke katakonsa da igiyar kwakwa ba ƙusa ko ɗaya. Irin wannan jirgi ya ɓace tun wajen shekarun 1930. Yadin auduga ya yawaita a gaɓar ne a ƙarni na 19, lokacin da jiragen Amurka suka riƙa sauke akoko a Zanzibar, har mutane suka laƙaba wa yadin suna merikani. Tabarma mata ke saƙa ta a gida. Yadi kuwa sai da kuɗi a hannu.

Me ya hana shi canza ta a kan kari? A nan muryarsa ta sauka. Ya ce rabon jirgi a hannun maiɗakinsa yake, a cikin wani gwangwani, kuma shekara da shekaru ba a taɓa buɗe shi don wani abu ba sai don jirgi. Amma a shekarar 2020, da annobar korona ta hana baƙi zuwa, gwangwanin ne ya ciyar da gidan. Kamun kifi ma ya ja baya, tun da aka fara yashe teku don gina sabuwar tashar jiragen ruwa a mashigin Manda, wadda aka buɗe ɓangarenta na farko a watan Mayu na 2021. A kan wannan aiki ne wata babbar kotun Kenya ta yanke hukunci a 2018 cewa a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76. Shi dai abin da ya sani, wurin da ubansa ya nuna masa yana jefa koma ya zama hanyar manyan jirage.

Ga shi kuma lokaci ya matso. Shekarar mutanen Lamu iska biyu ke raba ta. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas: teku ya kwanta, masunta su yi nisa, baƙi su cika gari. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba kuma kusi ke busowa daga kudu, teku ya yi fushi, ƙananan jirage su rage fita. Da waɗannan iskoki biyu fataken Larabawa da na Indiya suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa suna komawa. Kaskazi ita ce kakar mai jirgi. Wanda ta same shi da ruɓaɓɓiyar tanga, kamar manomin da damina ta faɗi ne sansa na ɗingishi.

Hanyoyi uku ke gabansa, kuma kowace ya auna ta. Wani dillalin kifi ya ce zai saya masa tangar yau-yau, da sharaɗin duk kifin da ya kamo shi zai sayar wa, a farashin da dillalin ya yanka. Nahoda ya ce wannan sayar da kakar bana ce tun ba ta zo ba. Babban ɗansa kuma ya ce a bar wahalar ƙyalle, a ci bashi a sayi inji kamar sauran samari masu ƙetarar da fasinja. Dattijon bai raina shawarar ba, ya ce inji na da sauri, ba ya jiran iska, mai haƙuri da za a kai asibiti ma shi yake bukata. Amma ya ce wa ɗan: “Tanga sau ɗaya take tambayarka kuɗi, ta yi shekara biyu tana maka aiki. Inji kullum safiya sai ya sha kafin ƴaƴanka su sha, ko an kamo kifi ko ba a kamo ba.”

Hanya ta uku ita ya ɗauka: duk abin da ya shigo a cire rabon jirgi tun kafin a shiga gida da shi, in ya kai kuɗin mita biyar a aika a sayo. Wannan ma da nata haɗarin, domin yadin da ba bandir ɗaya ba ne yakan sha bamban wajen tsukewa in ya jiƙe, tanga ta karkace. Don haka ya roƙi mai kantin ya ajiye masa bandir guda har ya gama biya. Ya kawo mana wani karin maganarsu: haba na haba hujaza kibaba, wato kaɗan-kaɗan ke cika mudu. Muka ce masa mu ma muna cewa da yayyafi kogi kan cika. Ya yi dariya, ya ciji zare, ya sa aka ɗaga sanda. Ruwa ya riga ya fara janyewa daga mashigin Takwa, wanda ba a shigarsa sai teku ya cika, don haka muka juyo ba mu ga kufan ba.

Da za mu biya shi sai ya ce a rage, tun da bai kai mu inda muka nufa ba. Muka ƙi, muka ba shi cikakke. A gabanmu ya kasa kuɗin, ya ba yaron jirgi nasa, ya sa nasa a aljihu, ya ƙulle rabon jirgi daban a bakin zanensa.

Ƴan uwa, babu gidan da ba shi da tangarsa. Wani keken ɗinki ne, wani amalanke da jaki, wani babur ɗin haya, wata injin markaɗe, wata tukunyar tuyar ƙosai. Kullum muna cin abin da suka kawo, amma kaɗan ne cikinmu ke fitar musu da rabonsu, sai ranar da suka tsaya mu shiga neman bashi a hannun wanda zai yanka mana farashi. Yana da kyau maigida da uwargida su zauna su tambayi juna: abin sana'armu fita nawa ne kuɗin sabonsa, kuma nawa muka tara?

Ranar da za mu bar Lamu mun wuce ta bakin gaɓa da sassafe, muka same shi zaune a gindin jirginsa yana ƙara wani faci. Muka tambaye shi saura nawa. Ya ɗaga yatsun hannuwansa biyu: saura mita goma, ga kaskazi saura ƴan makonni. Allah Ya cika masa, Ya sa albarka a sana'ar kowa da kowa, amin.