Allon da ba ya son tawada

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a nan Cadakori ana yawan tambaya ta: Malam, kana da salula, kana da kwamfuta, to mene ne amfanin tabilet kuma? Tambayar tana kan hanya, don kuɗi ba tsintar su ake yi ba.

Tabilet ƴar'uwar salula ce, amma faɗinta ya kai na littafin ɗan lakkol. Da yatsa ake aiki da ita.

Salula ta mutum ɗaya ce. A shekarar 2009 an gwada koyar da manya karatu da ita a jihohin Doso da Damagaram, kuma ta taimaka, don mai aika saƙo kullum ba ya mance baƙaƙe. Sai dai gilashinta ƙarami ne. Dattijon da idonsa ya yi rauni ba ya rarrabe b da ɓ a kanta. Kwamfuta kuwa, da ita nake rubuta rahoton wata. Tana shan wuta, ba ta son ƙura, ɗalibai kuma suna jin tsoron ta, wai kada su ɓata.

Tabilet ita ce ke zama tsakiyar tabarma. Mutum shida ko bakwai suna sa kai su gani tare. Ina ƙara girman baƙi ɗaya har ya cika fuskarta, ɗalibi ya bi shi da yatsa, ya goge, ya sake. Wanda ya taɓa riƙe allo wajen malam bai ga baƙon abu ba. Matan da ke kunyar tashi gaban babban allo, a nan suna rubutu hankali kwance, don in an yi kuskure ba kowa ke gani ba.

Tana kuma taimakon gona. Kun san murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi. Ma'aikatan INRAN a Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙwaro mai kashe ta. Ƙanƙane ne ƙwarai, amma a tabilet mun buɗe hotonsa har kowa ya gane shi. Saƙonnin murya na RECA cikin Hausa ma ina sauke su inda rezo ke da ƙarfi, mu saurara da dare, mu rubuta sababbin kalmomin da muka ji.

Amma ba zan ce kowa ya sayar da akuya ya saye ta ba. Don kira da jin farashin kasuwa, salula ta isa. Gilashin tabilet yana fashewa, gyaransa kuma sai an je Maraɗi. Guda ɗaya ta ishi cibiya ko ƙungiya, in an haɗa kuɗi. Tamu tana kwana cikin jakar fata, kuma ɗalibai ne ke karɓa-karɓa wajen biyan mai cajin sola.