Asirin da na tona da sunan zumunci

A wuraren kula da masu larurar ƙwaƙwalwa da masu fama da shaye-shaye a Amurka, likita yakan zo ya duba majiyyaci, ya rubuta magani, ya wuce. Masu wuni da kwana da shi su ne ƙananan ma'aikata: su ke lura ko ya ci abinci, ko ya samu barci, su ke lallashinsa idan ransa ya ɓaci, su ke raka shi zaman ba da shawara. Da yawansu kwalejojin al'umma ne suka horar da su, wato makarantun nan na shekara biyu da suka kai kusan dubu a faɗin ƙasar, waɗanda tarihinsu ya faro daga ta garin Joliet a jihar Illinois a 1901. Kuɗin makaranta da sauƙi, ga ajin dare, shi ya sa direban tasi da mai gadi da uwar 'ya'ya suke iya shiga. Ni ma ta nan na shiga aikin a birnin New York, bayan na gaji da tuƙi.

A jihar New York, mai son zama mai ba masu shaye-shaye shawara sai ya yi karatun awa 350, sannan ya yi dubban awoyi yana aiki a ƙarƙashin kulawar gwani. An koya mana sauraro ba tare da katse mutum ba, da rubuta rahoto, da gane alamun wanda yake tunanin kashe kansa, da kwantar da mai fushi ba a taɓa jikinsa ba. Darasin da aka fi nanata mana shi ne riƙe sirri. Akwai dokar HIPAA ta 1996 da ta kare bayanan kowane majiyyaci, akwai kuma wata ƙa'idar gwamnatin tarayya tun shekarun 1970 da ta fi tsanani a kan masu jinyar shaye-shaye. A ƙarƙashinta, ko cewa wane yana wurinmu ba ka da ikon faɗa wa kowa sai da rubutaccen izininsa, in ban da 'yan wurare kamar ceton rai na gaggawa, ko zargin cin zarafin yaro, ko umarnin kotu.

Na haddace wannan duka, na ci jarrabawa. Amma a zuciyata na ɗauke shi dokar mutanen da ba su da dangi. Mu da idan mutum ya kwanta, unguwa guda ce take zuwa dubiya da kwanon abinci, me zai sa a ɓoye mara lafiya?

Ina cikin koyon aiki aka kawo wani saurayi Bahaushe da muke sallar Juma'a a masallaci ɗaya a unguwar Bronx. Ciwon baya ya samu a wurin aiki, aka ba shi ƙwayar kashe zafi, daga nan jikinsa ya saba har ta fi ƙarfinsa. Da muka haɗa ido ya sunkuyar da kai, ya ce, “Yaya, don Allah ka rufa min asiri.” Na ce masa kada ya damu.

Ranakun ziyara suna zuwa suna wucewa, kowa da baƙonsa, shi kuwa yana zaune shi kaɗai. Abin ya tsaya min a rai. Wata Juma'a bayan an idar da salla na ja wani dattijo gefe, na ce, “Baba, ɗanku yana kwance, ya kamata a leƙa shi.” Na faɗi sunansa, na faɗi inda yake. Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Magana zarar bunu ce. Dattijon ya sa matarsa ta dafa abincin dubiya, ita kuma ta gaya wa ƙawarta, zancen ya hau WhatsApp, ya ƙetare teku ya isa gidan yarinyar da aka yi masa baiko da ita. Kafin ya isa can ya riga ya sauya kama: cewa aka yi ya haukace. Iyayen yarinya suka janye. Shi kuma ya bar jinya bai kammala ba, ya sauya lambar waya, ya daina zuwa masallaci.

A nan ne na fahimci girman ɓarnar da na yi. Wanda ya daina shan irin waɗannan ƙwayoyi na ɗan lokaci, jikinsa yakan rasa juriyar da ya saba da ita. Idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, yana iya mutuwa nan take, balle yanzu da ake cuɗa wani sinadari mai ƙarfi da ake kira fentanil a ƙwayoyin da ake sayarwa a titi. A kowace shekara daga 2021 zuwa 2023, sama da mutum 100,000 ne suka mutu a Amurka sakamakon shan ƙwaya fiye da kima. Cikin wannan haɗari bakina ya tura yaron da ya kira ni Yaya.

Na je na gaya wa shugabata abin da na aikata. Ta shigar da rahoto kamar yadda doka ta ce, aka dakatar da ni, sai da na sake koyon aikin daga farko, kuma na cancanci hakan. Abin da ta nuna min shi ya fi hukuncin shiga jikina. Ashe hanyar da ta dace tana gabana: in zauna da shi, in tambaye shi ko akwai wanda yake so a sanar, in akwai ya sa hannu a takarda, ya zaɓi mutumin da kuma iyakar abin da za a faɗa masa. Ma'aikatan nan sun san dangi suna taimaka wa waraka, har zaman iyali suke shiryawa. Sai dai majiyyaci ne yake da ikon cewa wane ya sani, wane kada ya sani. Ni na ƙwace masa wannan iko, na kuma karya alkawarin da na ɗauka da bakina, wanda ko babu dokar Amurka, addinina da tarbiyyar gidanmu sun hana.

Allah ya sa yana raye, ya kuma koma jinya a wani wuri. Da muka haɗu bayan wani lokaci na nemi gafararsa, ya yafe min, da izininsa ma nake wannan rubutu bayan na sauya abin da zai sa a gane shi. Amma ya gaya min ba zai ƙara buɗe cikinsa ga ma'aikacin da yake jin Hausa ba. Wannan magana ta fi komai yi min ciwo, domin aikin yana matuƙar bukatar masu jin harshenmu. Akwai dattawa da matan aure a cikinmu da ba za su iya bayyana damuwarsu da Turanci ba, kuma a ƙaramar al'umma irin tamu, inda kowa ya san kowa, tsoron tonon asiri yana hana mutum neman magani har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ƙannena da ke shirin shiga waɗannan kwalejoji, ku shiga, ana bukatarku. Amma ku sani wata rana za a kawo wanda kuka sani, tausayi zai ce ku gaya wa liman, ko uwarsa, ko matanku a gida. Ku koma wurin majiyyacin ku tambaye shi tukuna. In ya ce a'a, ku yi shiru, ku zama ku ne masu dubiyarsa.