Tukunya mai huci da ruwan da muka daina zubarwa



Duk macen da ke girki a Damagaram lissafi biyu take yi kafin ta ɗora tukunya: na ruwa da na wuta. Maganar cefane daga baya take zuwa. Ƙarancin ruwan garin nan kuwa ya girme mu duka. Zinder ce babban birnin ƙasa a zamanin Nasara har 1926 da aka mayar da mulki Yamai, kuma rashin ruwa na cikin dalilan. An jawo ruwa daga Gogo da Machaya, daga baya aka ƙara da Arunguza da Ganaram, amma har gobe in bazara ta kama mun san tashin tsakar dare a jera bido gaban pampo, mun san kasa kunne ko za a ji kurar ɗan ga-ruwa.

Wannan lissafin ne ya sa mu, mata 26 na wata ƙungiyar asusu a Garin Malam, muka buɗe akwati bana muka sayi tukunya guda ta kowa da kowa. Ita ce wadda masu Faransanci ke kira kokot-minit, mai murfin da ke kullewa da roba a baki. Mu dai mai huci muka sa mata, don in ta ɗauki zafi huci take kamar macen da aka taɓa wa ɗa.

Ba da sauƙi aka yarda ba. Dattijuwarmu, wadda duk muke kira Inna, cewa ta yi: "Ku dai yara kuna son sauri, sauri kuwa ya haifi nawa. Na ji an ce abin nan fashewa yake." Ma'ajiyarmu ita kuma ba tsoro ne damuwarta ba. Ta ce kuɗin akwati na bashi ne, bashi yana komowa da riba, to tukunya me za ta komo da shi? Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idar ba ta sake ba: abin da ya fita akwati sai ya dawo da ɗansa. Duka biyun sun faɗi gaskiya, shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuto muku yadda muka amsa su.

Mu fara da tsoron Inna. Wani malamin lakwal, mijin ɗaya daga cikinmu, ya yi mana bayanin da ya zauna mana. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce wajen digiri 100 na zafi, ko kin zuba masa itacen duniya. Duk wutar da kika ƙara tururi take zama ta bi iska. In aka kulle murfi, tururin ba shi da hanya, sai ya danne ruwan, ruwan kuma ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Wannan ƙarin zafin ne ke nuna wake cikin minti 20 ba tare da kanwa ba, ya laushe ganda da ƙafar sa cikin ƙasa da awa guda. Ɗan ƙarfen da ke bisa murfi shi ke sakin tururin da ya yi yawa, hucin da muke ji ke nan. Ashe ma dabarar tsohuwa ce: wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irinta a Landan tun 1679 don tausasa ƙashi, kamfanin SEB na Faransa kuma ya fito da tasa ta gida a 1953.

Abincin da ya fara shawo kan masu shakka ba wake ba ne, makaroni ne da kifin gwangwani. Ɗiyar shugabarmu ta taɓa aikin girki a gidan wasu Amurkawa a Yamai, can ta gan shi. A ƙasarsu abincin masu lallaɓa aljihu ne: taliya, kifin tuna na gwangwani, da wata miyar gwangwani ta naman kaza da madara wadda kamfanin Campbell ya fara sayarwa a 1934. Su haɗawa suke su gasa a tanda, su barbaɗa garin burodi ko cuku a kai. Mu ba mu da wannan miyar, ba mu da tandar, kuma ba mu ga dalilin neman su ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne a mai huci ana yin sa tukunya ɗaya, kuma ba a tace ruwa.

Ku duba da kyau. Yadda muka saba, ruwa muke cikawa a tukunya, mu jira ya tafasa, mu zuba makaroni, in ya nuna mu tsiyaye ruwan a magudana, wata ma ta ɗauraye da na sanyi. A jikin leda, wasu kamfanoni har lita 1 suke cewa a sa wa kowane giram 100, wato lita 5 ga leda guda. Ruwan da muka saya, muka ƙona gaz muka tafasa, shi muke zubarwa. Sannan ga tukunyar miya daban, ga gwagwa, duk sai an wanke. A mai huci kuwa leda mai giram 500 wajen lita 1 take sha, kuma duk cikin abincin yake tsayawa.

Ga yadda muke yi wa gida mai mutum 6 ko 7. A zuba mai cokali 3 a tukunyar a buɗe, a soya albasa 2, in an samu ta Galmi ya fi, da tafarnuwa da ɗan tattasan Difa da attarugu daidai bakin gida. In albasa ta yi laushi a zuba ruwa lita 1, a kankare gindin tukunya da muciya kada wani abu ya manne, a sa gishiri da magi. Sai a zuba makaroni leda 1, a danna shi da cokali har ruwa ya kusa rufe shi. In doguwar taliya ce a karya ta gida uku a barbaza, kada a zuba ta dunƙule. A kulle murfi, a ƙara wuta. Da ta fara huci sai a rage wuta sosai a ƙirga minti 4. Ƙa'idar ita ce rabin lokacin da aka rubuta a leda, a ɗan rage. A kashe wuta, a bar ta ta huta minti 5, sannan a saki sauran tururi kaɗan-kaɗan, fuska na gefe.

Kifi ba ya shiga sai an buɗe. Na gwangwani dafaffe ne tun daga masana'anta, in ya sha matsi dagargajewa yake ya bar ƙarni. Gwangwani 2 sun isa, a farfasa a juya. Madara ma sai a ƙarshe, don in an kulle ta a ciki kamawa take ko ta guntse: ta gari cokali 4 a dama da rabin kofin ruwa, a zuba, a juya, a rufe sama-sama minti 2. In kin buɗe kin ga ruwa-ruwa kada ki damu, makaroni zai shanye. Inda su ke sa koren wake, mu dafaffen zogale muke sawa, ko karas da kabejin lambunan Mirya. Inda suke barbaɗa garin burodi, mu dakakken ƙuli-ƙuli. Wallahi wadda ta koya mana ma cewa ta yi namu ya fi.

Wannan ita ce fara, yara sun fi son ta. Akwai kuma ja, wadda masu gida suka fi so: ba madara, sai tumatirin gwangwani cokali 2 da ake ɗorawa bisa makaroni kafin a kulle, ba a juyawa, don in ya sauka gindi ƙonewa yake.

Maganar kifi, mu faɗi gaskiya. Tuna, wanda ƴan kanti ke kira ton, tsada gare shi. Nijar ba ta da teku, gwangwanin nan sai ya keta ƙasashe kafin ya iso kasuwar Dole. Sardin, wanda yawancinsa daga Maroko yake zuwa, ya fi sauƙi, kuma man cikinsa ya isa a soya albasa da shi. Banda ta Difa ma tana yi ƙwarai, sai dai ita a jiƙa ta, a cire ƙaya tsaf, a sa ta tun farko ta dahu tare. Kowanne za ki saya, ki duba kwanan wata a gindin gwangwani. Wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki ki bar wa mai shi, ko kyauta ne. Wanda kika buɗe kuma ki ƙarar da shi ranar, zafin garin nan ba ya barin kifi ya kwana.

Da Inna ta ci, ba ta ce komai ba sai da ta suɗe cokali, sannan ta ce: "To, amma a kafa doka." Aka kuwa kafa, sakatariya ta rubuta a bayan littafin zubi. Kafin a ɗora, a ɗaga murfi sama a leƙa ramin tururi, sai an ga haske ta ciki. A duba roba, in ta tsage ko ta saki ba a girki. Makaroni da wake da shinkafa masu kumfa ne, kada su wuce rabin tukunya, in ba haka ba kumfar ta toshe rami. Ba a kulle ta babu ruwa a ciki, ba a suya da murfi a kulle. Ba a buɗewa da ƙarfi: in murfi ya ƙi, akwai sauran tururi, a jira. Ba a bar wa yarinya ita, ba a tafiya maƙwabta tana kan wuta. Yawancin labarin fashewar da ake ji, in an bincika, toshewar rami ce ko buɗewa da gaggawa.

Saura tambayar ma'ajiya, kuma ita ce ta fi wuya. Mun sa haya: duk wadda ta ɗauka ta ba da dala 20 a yini, ta maido ta a wanke, da robarta da ɗan ƙarfenta. Wadda ta ɓatar da ɗayansu ta saya. Wata daga cikinmu mai sayar da abinci ƙofar lakwal tana ɗauka kusan kullum, don yanzu tana gama wake da makaroni kafin yara su fito hutun ƙarfe 10 ba tare da ta tashi tun assalatu ba. Wata kuma ta riƙa rubuta ranar da ta canza butelin gaz da gawayi a bango, ta ga kwanakin sun ƙaru.

Amma sai muka lura da wani abu. Kuɗin da ba ki kashe ba, ba ya zuwa ya yi miki sallama. In bido ya kwana da saura, in gaz ya ƙara kwanaki, ba wanda ke miƙo miki canji a hannu. Kuɗin narkewa yake cikin magi da sabulu da kuɗin tara na yara, wata ya ƙare ki ce ba ki ga komai ba. Shi ya sa muka ƙara wata ƴar ƙa'ida: ranar da mace ta yi girki da mai huci, ta ware dala 5 ta ƙulle a bakin zane, ranar taro ta zuba a wani gwangwani daban. Kuɗin ruwan da ba a zubar ba muke kiran sa. Ba yawa gare shi ba, amma ana ganin sa, ana ƙirga shi gaban kowa.

Ga kuma inda za shi. Mai huci tana son wutar da ake iya ragewa nan take, wato gaz. A kan gawayi ana iya lallaɓawa in an iya janye garwashi, amma a murhun itace hannunta narkewa yake, wutar kuma ba ta biyayya. Tun da matatar SORAZ da ke hanyar Tanut ta fara aiki a ƙarshen 2011, butelin kilo 6 ya shiga gidaje da yawa a garin nan, amma ba duka ba. A cikinmu mata 9 har yanzu da itace suke girki. Su ma fa da kuɗinsu aka sayi tukunyar. Ɗayarsu ta faɗa a taro, ba da faɗa ba: "Yaya, mun saya tare, amma ku ke ci." Ba wadda ta iya ɗaga ido.

Daga nan muka yanke cewa hayar tukunya da kuɗin gwangwani ba za su shiga rabon ƙarshen shekara ba. Za a tara su a riƙa saya wa mai itace buteli da kansa, ɗaya bayan ɗaya, bisa ƙuri'a, ta biya sannu-sannu ba riba. Biyu sun riga sun karɓa, ta uku na hanya in Allah ya yarda. Wadda ta fara karɓa ta ce abin da ya fi yi mata daɗi ba saurin girki ba ne, idonta ne da ya daina hawaye, da ɗiyarta da ta daina makara lakwal saboda hura wuta.

Kada wata ta ɗauka tukunyar nan komai take yi. Ba ta tuƙa tuwo, ba ta dama kunu, miyar kuka ba ta buƙatar ta. Makaroni da kifin gwangwani ma ba abincin kullum ba ne, na ranar baƙi ne ko ranar da aiki ya sha kai. Wake da nama mai tauri su ne suka fi biyan kuɗinta.

In ƙungiyarku na son saye, ga shawararmu. Ku ɗauki mai lita 8 ko 10, ƙarama ba ta ishe gidajenmu ba tunda rabi ake cikawa. Ku tambayi mai kanti ko yana da robar canji, in babu ku ƙara gaba. Ta lantarki ku bar ta, wuta ba ta da tabbas. Kuma tun kafin a buɗe akwati, ku ƙirga mata nawa ne a cikinku ba su da gaz, ku zauna da su ku yanke abin da zai zama nasu. Wadda ke son gani da ido, ranar taronmu Alhamis ce bayan la'asar, ta zo da ledar makaroninta.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya ba mu damina mai kyau. Amin.