Daga Kalangu Zuwa Usur

Ƙasarmu ta arewacin Zamfara ƙasar makaɗa ce. Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi ya buɗi ido da sunan Narambaɗa ɗan Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da na Kassu Zurmi mai kiɗan maza, ga kuma kaset ɗin Ɗan'anace a rediyon kowane mahauci, yana wasa 'yan dambe Shago da Ɗandunawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai kama ƙafar waɗannan ba. Ba a taɓa ɗaukar muryarsa a gidan rediyon Rima ko na Kaduna ba. Makaɗin kalangu ne na Jangeru da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya gada daga mahaifinsa. Ba zan kama sunansa ba, domin a gidanmu ba a kama sunan babba, kuma a halin da ƙasarmu ke ciki yau babu mai son sunan ɗan'uwansa mai shago ya yi yawo.

Ni ne nake riƙe masa kuntuku tun ina firamare. Ranar Alhamis mukan yi sammako zuwa kasuwar Shinkafi, mu zarce wajen rundawa, domin kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Kowane mahauci da takensa. Kawu zai matse kalangu a hammata, ya ja tsarkiya, kafin ya buɗe baki mai taken ya riga ya ɗaga wuƙa sama. Mukan dawo da tsoka ƙunshe a ganye da 'yan kuɗin da kakata Inna za ta yi cefane. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai dambe ya buɗe, a nan ne kuma na ga ainihin gwanintarsa. Ba zaƙin murya ba ce, muryarsa ma a dishe take. Sanin mutane ne. Ya san uban kowane saurayi da kakansa, ya san gonarsu, ya san wanda ya taɓa kashe wani a wane fili. Da yaro ya fito yana naɗa zare a hannu, Kawu ya gane ko da tsoro a cikinsa. Akwai wanda zuga ke ƙara wa ƙarfi, sai ya cika masa kunne da sunan kakanni. Akwai wanda zuga ke sa shi ya yi gaggawa ya kai kansa ƙasa, wannan sai ya sassauta masa kiɗa har ya nutsu. Na sha ganin ya ajiye makaɗi ya shiga tsakiyar fili ya riƙe hannun yaro ya ce a raba, don ya ga an haɗa shi da wanda ba sa'arsa ba.

Shekarar 1996 ta zo mana da abu biyu. A watan Agusta 'yan ƙwallon Nijeriya suka ci zinare a gasar Olamfik a Atlanta ta Amurka, bayan sun fitar da Barazil da ci 4 da 3, suka doke Ajantina 3 da 2, kuma cikinsu har da Garba Lawal da Tijjani Babangida, masu suna irin namu. Ranar 1 ga Oktoba kuma aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato. Mu yara na farkon ya fi shiga ranmu. Daga wannan damina kowane lungu ya zama fili, ana buga ƙwallon roba ko tsumma da aka dunƙule, samarin da da za su koyi naɗa zare suka koma neman lamba a bayan riga. Kawu bai kula ba a lokacin. Yana ganin wasan yara ne da zai wuce.

Abin da ya taɓa tukunyarsa ya zo ne bayan shekara uku. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Ina so a fahimce ni a nan: babu wanda ya zo gidanmu ya ƙwace kalangu, Kawu kuma yana cikin waɗanda suka yi murna, don tun kafin nan ya fara zama a zauren malam yana ɗaukar karatu bayan sallar asuba. Amma wa'azi ya yi ƙarfi, kiɗan biki mai haɗa maza da mata ya ja baya, masu gida suka fara jin nauyin a ji ganga a ƙofarsu. Inda aka ci gaba da shagali a cikin gida kuwa, kaset ɗin waƙoƙin fina-finan Kano masu fiyano ya wadatar, ba ya cin tuwo, ba a yi masa kari. Ina zaune ranar da ya shaida wa kakata zai rataye kalangu. Ta ce, "Gadon ubanka za ka yaddawa?" Ya ce, "Inna, wata ukku ke nan ba wanda yak kawo man goron biki. Ɗiya na cikin gida, mi za ni ba su?" Ta juya fuska ta yi ta kuka, shi kuma ya zauna bakin ƙofa har ta yi shiru.

Jarinsa raguna biyu ne da babbar rigar da wani uban gidansa ya taɓa tuɓe masa a filin dambe, sai rancen da Sarkin Fawa ya ba shi ba da takarda ba. Ya kafa tireda a bakin hanya: sabulu, sukari, ashana, magi, kananzir, ganyen shayi. Shekarar farko saura kaɗan uwar kuɗi ta narke. Hannun makaɗi ya saba abin da ya shigo da safe ya fita da yamma, a raba wa 'yan amshi da maroƙa, gobe Allah ya kawo wani. Ba ya iya cewa babu, kuma kunyar tambayar bashi yake ji. Da ya ga kanta ta fara zama fayau sai ya saya mini littafi mai layi, ina sakandare a lokacin, ya ce in riƙa rubuta kowane bashi da sunan mai shi. Ranar Laraba da dare mukan zauna da fitila in karanta masa, ya ware kuɗin sari na Alhamis ya ɗaure su daban, ya ce ko shi ya roƙe ni kada in ba shi. Da layin wayar salula ya iso yankinmu ya sayi ƙaramin janareto ya fara cajin waya da sayar da kati, tireda ta zama shago mai ƙyauren ƙarfe.

Shagon ne ya kai shi fili. Samari suka mai da bencinsa majalisa, ana cajin waya ana gardamar ƙwallon Ingila da Sifen. Wata ranar Juma'a aka yi wasa tsakanin unguwanni biyu, aka tashi da faɗa, aka fasa wa wani yaro kai da dutse. Magana ta nemi ta koma ta iyaye. Kawu ne ya bi gida gida, don babu gidan da bai taɓa yi wa kiɗan suna ko na aure ba, ya kashe wutar kafin ta kai gaban mai unguwa. Da aka tashi sake wasan, ɓangarorin biyu suka ce ba su yarda da kowa ya hura usur ba sai shi. Bai san satar gida ba, bai san inda ake buga fanareti ba. Wani malamin firamare mai koyar da wasannin motsa jiki ya zauna da shi yana zana masa fili a ƙasa da tsinke, har ya gane.

Daga alƙalanci ya zama uban ƙungiya. Ya sayi ƙwallon fata da kuɗin shago, kuma a shago take kwana, don haka duk mai son ya taɓa ta sai ya bi dokarsa. Ana fita bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. Da damina babu atisaye sai an gama noman farko, yaron da ubansa ya kawo ƙarar ya gudu daga gona kuwa ya huta mako guda. Kuɗin riguna ba a roƙe su ba: yaran suka riƙa yin aikin gayya a gonakin masu hali, shi yana gaba da fartanya yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, abin da aka biya a zuba a asusu. 'Yan siyasa sun zo da riguna masu hoton ɗan takara a zaɓen 2007 da na 2011, ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya mayar musu da kayansu. Na tambaye shi dalili, don a ganina kyauta ce. Ya ce, "Ɗana, ni na ci abincin roƙo, na san abin da mai kyauta ka biɗa. Yau riga, gobe a ba su gora a ce su tare hanya." Ban taɓa jin wanda ya fayyace bangar siyasa a taƙaice kamar haka ba.

A bakin fili kuwa, wanda ya san shi a dambe ba zai ga baƙon abu ba. Dabarun tsara 'yan baya da 'yan gaba ya bar wa malamin nan. Nasa shi ne ya tsaya a gefe yana duban idon yara. Wanda ya zubar da ƙwallo jikinsa ya mutu, sai ka ji disasshiyar muryar nan ta kira shi da sunan kakansa, ta tuna masa wane ne ya haife shi, yaro ya miƙe kamar an zuba wa shuka ruwa. Mai zafin kai kuma ba ya samun kirari ko ya ci ƙwallo uku, sai dai a fitar da shi ya zauna kusa da Kawu ya huce. Mun je wasa Moriki da Ƙaura da Isa a bayan a-kori-kura, mun ci, an ci mu, ba mu taɓa dawowa da rauni na faɗa ba.

Akwai wani maraya mai in'ina da yara ke tsokana, ba ya shiga cikin mutane. Kawu ya lura da tsawon hannunsa ya sa shi a raga, da safe kuma ya zaunar da shi a shago yana karɓar wayoyi yana manna musu lamba. A shekarun da kwalaben kodin da ƙwayar tiramol suka cika garuruwanmu, kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, wannan yaro ne ke gaya wa Kawu wanda ya fara sha, ba don a kore shi ba, don a je a same shi tun da wuri. Yau yana da shagon kansa da iyali. Amma ba duka aka samu ba. Wasu sun tafi haƙar zinare wajen Anka da Maru ba su dawo da komai ba sai ciwo. Ɗaya kuma, ɗan gaba mafi gudu da muka taɓa yi, rigima ta ci dabbobin gidansu, ya daina zuwa fili, daga baya aka ce an gan shi a daji da bindiga. Kawu ya je wajen mahaifiyarsa sau da dama. Har yanzu idan aka ambaci yaron sai ya tashi daga wurin.

Ina jin haushi idan na ji masu jawabi a Gusau ko Abuja suna cewa wasanni za su magance matsalar tsaro, alhali ba su taɓa sayen ƙwallo ɗaya sun kai ƙauye ba. Ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya gina cibiyar wasanni a Kano da kuɗinsa, Allah ya saka masa, Shehu Abdullahi ya fito daga Sakkwato ya ci tagulla a Olamfik ta Rio a 2016, yaranmu suna ganinsu suna sa rai. To amma tsakanin Jangeru da irin wannan matsayi akwai hanya mai nisa, kuma waɗanda ke riƙe da farkonta mutane ne irin Kawu, da ribar sukari da cajin waya.

Watan Satumba na 2021 ya kusa karya shi. Gwamnatin Bello Matawalle, a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanya, ta sa aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, makarantu ma aka rufe su. Mai cajin waya a garin da babu sabis, mai janareto da ba a sayar masa da mai, mai sari a kasuwar da ba ta ci: duka uku shi ne. Filin da ke bayan gari ya gagara zuwa, don daga can ana hango daji. Na yi masa maganar ya kwaso iyali ya dawo Gusau wurina. Ya ce yara ba makaranta, ba kasuwa, ba waya, in shi ma ya rufe fili ina za su nufa? Ya nemi izini aka mai da wasa filin da ke tsakiyar gari, aka koma yi da hantsi. Littafin bashi ya cika ya sayi wani, yana ba iyayen yaran gero da sabulu sai kaka. Da abubuwa suka ɗan lafa ya sayar da janareton ya sa sola.

Yanzu ya haura sittin, gwiwa ta hana shi gudu, usur yana hannun tsohon mai tsaron ragar nan, shi kuma yana zuwa da kujerarsa. An daina fita wasa waje saboda hanya, sai dai unguwa da unguwa, da kofin da suke bugawa bayan ƙaramar salla, wanda shagon ke saye. Cikin masu buga masa yau akwai 'ya'yan waɗanda muka fara da su. A makon jiya ya kira ni ya ce in nemo ƙwallo biyu masu lamba biyar a kasuwar Gusau, da allurar famfo, in ba direban da ke zuwa Shinkafi ranar Alhamis, kuma in rubuta kuɗin a littafi zai biya bayan salla.