Ƙaramar Waya da Haƙƙin Ido

 Yau ban zo muku da labarin soyayya ko na kishiya da uwar miji ba. Magana ce nake tafe da ita a kan abin da muke karanta labaran da shi, wato ido, da kuma 'yar wayar nan da ta zame mana shagon littattafai a cikin aljihu. Na san da yawa daga cikinku a wayar kuke karanta wannan rubutu, watakila ma a kwance cikin gidan sauro, an ɗauke wuta, fuskar wayar ce kaɗai ke haske a ɗakin. To idan haka ne, mai karatu, da kai nake.

Waɗanda suka tasa a shekarun 1990 za su tuna yadda karatu yake a da. Littafi zai taso daga Kano ya sauka Sakkwato, daga nan ya biyo mota zuwa Wurno ko Rabah ko Goronyo, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har bangonsa ya fita. Haka muka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Bilkisu Funtuwa. Karatun wancan lokaci yana da birki. Ko dai kananzir ya ƙare a fitila, ko mai littafi ya aiko a karɓa, ko kuma ka kai ƙarshen kashi na ɗaya ka zauna jiran na biyu. Ko ba ka so, dole ido ya huta. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka fara shiga intanet da 'yan ƙananan Nokia ta Opera Mini, aka zo zamanin 2go da Facebook da WhatsApp, sai birkin ya tsinke. Yanzu labari ba ya ƙarewa, kafin ka gama wannan an turo wancan.

A yankinmu na gabashin Sakkwato, ƙaramar waya ita ce wayar talaka. Ta fi araha, ba ta jan idon ɓarawo a kasuwa, tana kuma shiga aljihun manomi ba tare da ta fashe ba. Ni kaina da babba nake amfani, mai fuska inci 6 da rabi, har zuwa ƙarshen 2020 lokacin da noman rani ya kama. Ina da 'yar gonar albasa a fadama wajen Goronyo, ga taki ga man injin ban-ruwa duk suna jiran kuɗi, sai na sayar da wayar na sayi wata ta hannu mai inci 4, ragowar kuɗin na zuba a gona. Kar ka ga bambancin kamar kaɗan ne. Idan aka auna faɗi da tsawo, fuskar ta biyun ba ta kai rabin ta farkon ba. Ke nan shafin da nake gani a da, sai dai a matse shi cikin rabin wurin, baƙaƙen su koma kamar ƙwayar gero.

Ba a yi wata guda ba jiki ya fara ba da labari, ka san an ce jiki magayi. Da la'asar sai in ji goshina ya yi nauyi, kamar an ɗaura mini rawani an tamke. Idanu su riƙa zafi kamar an watsa musu yashi, wani lokaci har da hawaye. Idan na ɗaga kai daga waya na dubi bakin zaure, sai in ga komai dishi-dishi na ɗan lokaci kafin ya washe. Ga wuya da kafaɗa su ma sun riƙe. Wata rana na shiga gaida Inna, ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai ɗan nan, mi as samu idanunka sunka yi ja awa garwashi? Wagga 'yar waya da kaka liƙa ma hanci, ita ta." Na yi dariya, amma da na lura sai na ga gaskiyarta: wayar da a da nake riƙewa a kan cinya, yanzu tazararta da hancina ba ta wuce taƙi guda ba.

Da na samu shiga Sakkwato sai na biya asibitin ido. Likitan ya sa na karanta baƙaƙen jikin bango, ya auna ƙarfin ruwan cikin ido, ya haska ciki, sannan ya ce, "Malam, idonka lafiya lau. Gajiya ce, sai kuma shekaru." Bayanin da ya yi mini, da abin da na bincika daga baya, shi ne nake so mu raba da ku, domin kuwa abin ba asiri ba ne.

Na farko, kusanci. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi, da wata 'yar tsoka da ke kewaye da shi. Idan kana kallon nesa tsokar a sake take, tana hutawa. Da zarar ka kawo abu kusa sai ta ɗaure domin madubin ya ƙara kauri rubutu ya fito, idanun biyu kuma su karkato ciki wajen hanci. Gwargwadon kusancin abu, gwargwadon wahalarta: aikin da take yi idan waya na santimita 20 daga ido, ninki biyu ne na wanda take yi a santimita 40. Wani bincike da aka yi a wata kwalejin nazarin ido da ke New York ta Amurka a 2011 ya gano cewa masu karanta shafin intanet a waya kan riƙe ta a wajen santimita 32, alhali littafi akan riƙe shi a wajen 40. To ina ga wanda wayarsa ƙarama ce, baƙaƙen suka ƙanƙance? Ka ɗauki bokitin ruwa ka miƙe hannu da shi na awa uku, ka ji abin da kafaɗa za ta gaya maka. Abin da muke yi wa wannan tsoka ke nan kowane dare.

Na biyu, rashin ƙiftawa. Kowace ƙiftawa tana shafa wa ido ruwa, kamar yadda ake yayyafa wa rege. Wasu likitocin Japan sun ƙirga a 1993, suka ga mutumin da ke zaune yana hutawa yana ƙiftawa kamar sau 22 a minti, mai karanta littafi sau 10, mai kallon fuskar kwamfuta kuwa sau 7 kacal. Wannan fa a Japan ke nan. Haɗa shi da iskar hunturu da ƙurarta a Wurno, ko zafin bazara da ke haura digiri 40, sannan ka haɗa da labarin da ya kai inda amarya ta gano asirin uwargida, inda mai karatu ke manta numfashi ma balle ƙiftawa. Yaya ido ba zai bushe ba?

Na uku, duhu. Fuska mai haske a cikin baƙin ɗaki tana gajiyar da ido, musamman ga mai kwanciya ta gefe guda. A 2016 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ba da rahoton wasu mata biyu da suka riƙa makancewa a ido ɗaya na 'yan mintoci. Da aka bi diddigi, ashe a kwance suke duba waya cikin duhu, matashi ya rufe ido ɗaya. Wanda ke kallo ya saba da haske, wanda ke rufe ya saba da duhu, da an ajiye waya sai na farkon ya zama kamar ba ya gani. Abin yana wucewa da kansa, amma ka ƙaddara a ƙauye ya faru, me kake jin za a ce?

Ai kuwa na ga irin abin da ake cewa. Ƙanwata da ke aure a Rabah ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma wayarta ta fi tawa ƙanƙanta. Ta yi watanni tana fama da ciwon kai, uwar mijinta ta ce kambun baka ne, aka yi rubutu aka yi turare, maigidan kuma ya fara maganar raba ta da wayar baki ɗaya. Ana cikin haka, a watan Satumba na 2021, aka datse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Labarai suka daina shigowa. Da na je duba ta bayan 'yan makonni sai ta ce, "Yaya, wallahi tun da anka ɗauke sabis kaina bai ƙara ciwo ba."

To amma fa kada wani ya ɗauka cewa nake a jefar da waya. Babu wanda ya zauna a yankin nan a wancan lokaci da zai yi fatan irin wannan magani. A cikin kwanakin ne, ranar 17 ga Oktoba 2021, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40, Allah Ya jiƙansu. A wurinmu waya ita ce ke gaya maka ko hanya ta biyu, ita ce ke gaya maka farashin buhun albasa kafin ka ɗora a mota, ga matar kulle kuwa ita ce tagar da take leƙa duniya. Haka nan wanda zai ce a sayi babbar waya, ya faɗi gaskiya, sai dai bai san kuɗin taki ba. Abin tambaya shi ne yadda za a zauna lafiya da wadda ake da ita.

Alhamdu lillahi, mafi yawan maganin kyauta ne. Ka shiga saitin waya ka ƙara girman baƙaƙe, har sai ka iya karatu wayar na nesa da kai kamar kamu guda. Gara ka yi ta jan shafi da yatsa da ka jawo wayar zuwa hanci. Ka kunna 'yar fitila ko tocila ta haska bango, sannan ka rage hasken wayar ya yi daidai da na ɗakin. Akwai kuma wata ƙa'ida da wani likitan ido na Amurka mai suna Jeffrey Anshel ya yaɗa: bayan kowane minti 20, ka dubi abin da ke nesa da kai ƙafa 20, wato wajen mita 6, na daƙiƙa 20. Mu nan ba ma sai an duba agogo ba, duk inda babi ya ƙare ka ɗaga kai ka dubi katanga ko bishiyar tsakar gida, ka ƙifta ido da gangan. Wanda kuma ya haura shekara 40 kamar ni, ya sani madubin nan na cikin ido ya fara tauri, tabarau na karatu yake buƙata, ba kuma abin kunya ba ne. Ni tun da na karɓi nawa na ƙara girman rubutu, rawanin nan ya kwance, wayar kuwa ita ce dai ba ta sauya ba.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Tabarau masu sheƙi da ake tallatawa wai suna tare shuɗin hasken waya, an tattara gwaje-gwaje 17 a kansu a 2023, ba a ga alamar suna rage gajiyar ido ba, kada ka zubar da kuɗinka. Maganin ɗigawa da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, wani yana ɗauke da sinadarin da ke kawar da ja nan take, amma idan aka daɗe ana ɗigawa yana iya jawo hawan jinin ido. Sannan ba kowane ciwon kai ba ne na waya. Zazzaɓin cizon sauro da hawan jini duk suna kawo shi, yawan shan maganin ciwon kai kullum ma yana haifar da wani ciwon kan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya a Nijeriya, hawan jinin ido na biye mata, shi kuwa sau da yawa ba ya ko ciwo, a hankali yake cin gani daga gefe. Gajiyar waya tana tafiya idan an huta. Wadda ta ƙi tafiya, ko ta zo da amai, ko raguwar gani, asibiti take nema ba haƙuri ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu marubuta da masu turo labari, domin muna da kaso a wannan ciwo. Sau nawa ake turo babi guda dunƙule, ba sakin layi, ba aya, maganar Hajiya ta haɗe da ta direba? Sau nawa ake ɗaukar hoton shafin littafi a turo, wanda ba ya buɗuwa daidai da ƙaramar waya, sai mai karatu ya yi ta ja hagu da dama a kowane layi? Ga kuma al'adar sakin sabon babi ƙarfe goma sha biyun dare, alhali mun san ba za a iya jira sai da safe ba. Mu tuna yawancin masu karanta mu ba a kwamfuta suke ba, a fuskar waya suke, a garin da wuta ba ta zama. Sakin layi gajere, tazara tsakanin maganganu, babi madaidaici, rubutu na gaske maimakon hoto: ba su rage wa labari daɗi, ba su kuma cin ko kwabo.

A nan Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun rasuwarsa a 1837. Mutum ne da ya rubuta littattafai masu yawa a zamanin da babu lantarki, kuma cikin abin da ya rubuta a fannin magani har da wanda ya keɓe a kan ciwon ido. Wato tun wancan lokaci masu alƙalami sun san cewa kula da idon mai karatu yana cikin aikinsu. Hausawa sun ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Mu da muke da biyu, kada mu jira sai mun ga haka.

Idan ka kawo nan, mai karatu, ka ɗan ajiye wayar ka dubi nesa kafin ka buɗe labari na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, Ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa, amin.

Wassalam.