Gangar mayaƙa daga Lome, da tamu da ta yi shiru



Akwai wata ƙungiyar makaɗa a Lome mai suna Arka'n Asrafokor, wadda samarinmu suka sani, mu dattawa kuwa akasarinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. Wani mai kaɗa jita, Rock Ahavi, shi ya kafa ta wajen 2010. Kiɗansu shi ne wanda ake kira metal: jita mai ruri, ganga mai gudu kamar ana kora, da muryar da ake fizgowa daga ƙasan maƙogwaro. Asalin wannan kiɗa birnin Birmingham ne na Ingila, garin maƙera da masana'antu, inda Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko a 1970. Daga baya aka gauraya shi da pank, kiɗan matasa masu fushi da hukuma, ya ƙara zafi da sauri.

'Yan Lome ba su tsaya ga kwaikwayo ba. Asrafo a harshen Ewe mayaƙa ke nan, kor ɗin kuwa daga sunan wancan salo mai zafi aka gutsuro shi. Sun shigo da gangunan kakanninsu, da kaɗe-kaɗen gazo da blekete, suna waƙa da Ewe, suna surkawa da Ingilishi da Faransanci. Sai da suka shafe kusan shekara 9 kafin faifansu na farko, Zã Keli, wato duhu da haske, ya fito a 2019. A 2024 wani kamfanin Jamus, Reigning Phoenix Music, ya fitar musu da na biyu, Dzikkuh. Shekara 9 ana kiɗan da maƙwabta ke ɗauka taɓin hankali ne, wannan haƙuri ne, ko da mutum ba ya son abin da aka yi haƙurin a kai.

Maganarsu ta iso zauren Maigida ne ta hanyar ƙara. Wani uba ya kawo ɗansa, ya ce yaron yana kwana da ihun aljanu a kunne. Maigida ba ya yanke hukunci kan abin da bai ji ba, sai ya umarce mu, mu masu riƙe masa alƙalami, da mu saurara. Muka saurara, ba da daɗin rai ba. Mun tashi a makarantar allo, mun san maganganun malamai a kan kiɗa, kuma blekete kiɗan bautar gargajiya ne a kudu, wanda ba mu da rabo a cikinsa. Wannan mun faɗa wa yaron ƙarara.

Sai dai da aka jima, kunnenmu ya gane wani abu a ƙarƙashin rurin. Kiɗan zuga ne. Mu da muke zaune a garin Uro Jobo Bukari, inda mahayan Semasi suka yi suna, mu da muke tsayawa kallon Adosa a Sokode duk watan Maulidi, maza na gilma wuƙa a jikinsu ganga na tashi, ba mu da bakin cewa ba mu san irinsa ba. A ƙasar Hausa ma haka Kassu Zurmi yake yi wa 'yan tauri da mafarauta, haka Ɗan Anace yake yi wa 'yan dambe, har namiji ya ji tsikar jikinsa ta tashi ya faɗa fage. Iyayenmu sun zo da waɗannan waƙoƙi a kaset, cikin kayan fatauci, tare da goro da kanwa.

Maigida ya tambayi yaron ko ya san Kassu Zurmi. Bai sani ba. Ya ce ya yi wa kakansa kirari. Yaron ya fara da Hausa, ya sarƙe, ya ƙarasa da Kotokoli da Faransancin lakwal. Amma sunayen gangunan Ewe yana jero su ba gargada, domin waɗancan samari sun sa ya ga darajarsu. A nan ne uban ya sunkuyar da kai, don shi ma rabonsa da yi wa 'ya'yansa kirarin gidansu tun suna goye.

Hukuncin da muka rubuta gajere ne. Yaron ya kiyaye lokutan salla, ya rage ƙara in dare ya yi, ya nisanci duk baitin da ke kiran wanin Allah. Sannan duk Juma'a bayan la'asar ya je wurin tsohon makaɗin kalangun unguwarmu, wanda ya haura saba'in ba shi da almajiri ko ɗaya. Ya je sau uku zuwa yanzu. Tsohon ya ce hannun yaron yana da sauri fiye da kima, kuma har yau bai iya matse tsarkiya a hammata ya sa kalangu ya faɗi suna ba.